Yadda zaka saurari The Visitors na ABBA har ya shige ka

Yawancin mutane in ka ce musu ABBA abin da ke faɗo musu a rai shi ne kaya masu ƙyalƙyali da takalma masu tudu da waƙoƙin rawa irin su Waterloo da Dancing Queen, shikenan. Sai mutum yaji ana ta yabon wani albam ɗinsu wai shi The Visitors, ya je ya kunna yana jiran abin da zai sa shi kaɗa kai, ko minti biyu ba a yi ba ya kashe yana cewa wannan kuma wane irin abu ne. Nima haka na yi farkon ji wallahi, ban ɗauke shi a bakin komai ba, sai da aka ɗebi shekaru na koma masa a wani lokaci da raina yake a jagule sannan ya kama ni, kuma har yau bai sake ni ba. Shi yasa nake so in gaya maka yadda ake shigarsa, don faifai ne da yake buƙatar a ɗan shirya masa.

Kafin ka danna komai, fara da sanin su waye a ciki da halin da suke ciki lokacin. Su huɗu ne 'yan ƙasar Suwidin, mata biyu maza biyu: Agnetha Fältskog da Anni-Frid Lyngstad wadda aka fi sani da Frida, sai Björn Ulvaeus da Benny Andersson. Benny ne gwanin fiyano kuma shi da Björn ke haɗa kiɗan, kalmomin waƙa kuwa a wannan zamanin Björn ne ke rubutawa, matan su rera. Duniya ta san su ne a 1974 da suka ci gasar waƙa ta Eurovision a garin Brighton na Ingila. Abin da ya sa labarinsu ya fita daban shi ne ma'aurata ne biyu, Agnetha matar Björn, Frida matar Benny. Farkon 1979 Agnetha da Björn suka sanar da rabuwa, watan Fabrairun 1981 kuma auren Benny da Frida ya mutu shima. To a watan Maris na wannan shekarar, wato ko sati shida ba a cika yi ba, suka shiga sitidiyonsu na Polar a Stockholm suka fara aikin wannan albam, ya fito ranar 30 ga Nuwamba 1981, shi ne na takwas, kuma na ƙarshe kafin ƙungiyar ta tsaya. Ka ɗan tsaya ka auna abin a ranka fa, mace ta tsaya gaban makirfo tana rera waƙar rabuwa, mutumin da suka rabu yana zaune bayan gilashi yana saurare yana cewa a sake ɗauka. Dukansu a lokacin sun haura talatin, Agnetha ce ƙaramarsu tana da 31, da 'ya'ya da gajiyar yawon duniya da komai.

Amma kuma kar ka wuce gona da iri da wannan labarin. Akwai masu saurare da suke mayar da kowane baiti tamkar wasiƙar da wane ya rubuta wa wance, suna ta lissafin wa ya cuci wa. Ni dai inaga wannan ɓata wa kai jin daɗi ne. Ka san labarin don ka gane daga ina nauyin muryar yake fitowa, daga nan ka ajiye shi gefe ka saurari waƙa a matsayin waƙa, wasu ma sam ba maganar aure suke ba.

Sai ka nemi hoton bangon albam ɗin ka buɗe shi babba, ka kalla na kamar minti ɗaya. A wani tsohon ɗakin zane na Julius Kronberg dake Skansen a Stockholm aka ɗauke shi, ɗaki ne mai duhu-duhu da haske ja-ja kamar na magariba, ga wani ƙaton zane a bayansu, su huɗun kowa ya kama gefensa, ba mai kallon wani, ba mai murmushi. In ka haɗa shi da hotunansu na da inda suke rungume da juna suna dariya zaka gane inda aka dosa tun kafin kaji sauti ɗaya.

Maganar lokaci da wuri. Waƙoƙi tara ne, gaba ɗaya bai kai minti 40 ba, don haka ba wani dogon zama bane, amma yana son zaman ya zama nasa shi kaɗai. Da dare yafi, bayan gida yayi shiru, ko da sassafe kafin hayaniya ta tashi. Kar ka sa shi kana tuƙi ko kana hira ko kana duba Facebook da ɗaya hannun. Ka sa hedfon mai kyau in kana dashi, in babu ko iyafis ɗin waya ya fi sifikar waya nesa ba kusa ba, dalili kuwa akwai ƙananan sautuka da yawa a ƙasa-ƙasa da sifika ke cinyewa. Wannan na daga cikin albam ɗin farko-farko da aka yi aikinsu da na'urar ɗaukar sauti ta dijital, injiniyansu Michael B. Tretow ne ya riƙe aikin, kuma a 1982 yana cikin na farko da aka buga a faifan CD a wata masana'anta a Jamus. Shi yasa sautin yake da wani irin tsabta da sanyi, ba irin ɗumin nan na faifansu na baya ba, inda aka yi shiru kuma shirun yake zama tsit. Wasu basa son hakan, ni kuwa gani nake ya dace da abin da ake faɗa.

Abu mafi muhimmanci a duk bayanin nan: ka kashe maɓallin nan dake cakuɗa waƙoƙi, ka bi su a jere daga ta ɗaya zuwa ta tara. Kuma ka lura, bugun da ke intanet yanzu yawanci an ƙara masa wasu waƙoƙi a ƙarshe, to in ta tara ta ƙare ka tsayar, zamu zo kan sauran. Asali faifan garmaho ne mai fuska biyu, huɗu a gaba biyar a baya, don haka bayan ta huɗu ka ɗan dakata ko na minti ɗaya ne kamar mai tashi ya juya faifai, da gangan aka tsara shi haka.

Ta farko ita ce mai sunan albam ɗin, The Visitors, wato baƙi, kuma a nan yawancin mutane ke gudu. Ta kusa minti shida, tana farawa da wani amo na fiyanon lantarki mai ja kamar ba zai ƙare ba, muryar Frida ta shigo a lanƙwashe kamar daga cikin rijiya, kuma amshin baya zuwa da wuri, sai ka ƙagu. Ka daure. Labarin wani ne ko wata dake zaune a ɗaki cikin tsoro tana jiran a ƙwanƙwasa ƙofa, baƙin da ake nufi jami'an tsaro ne masu zuwa ɗaukar mutum, kuma 'yan adawar Tarayyar Sobiyet na wancan zamanin ne a ran Björn da yake rubutawa. Ka tuna lokacin yaƙin cacar baka ne, Suwidin kuma teku ɗaya ne tsakaninta da Sobiyet, sati biyu da fitowar albam ɗin ma aka kafa dokar soja a Poland, ranar 13 ga Disamba. Wannan jan da ake yi maka kafin amshi shi ne jiran da mai labarin ke yi, in gangar ta ɓarke daga baya zakaji kamar zuciyar mutum ce ke bugawa da sauri, rawar da ke ciki ta firgici ce.

Head Over Heels tana biye, Agnetha ce ta ja ta, labarin wata mace mai rawar kai da saurin yanke hukunci da mijin da ya gaji da bin bayanta. Tana da ɗan kari irin na tango, sauƙi gareta, ka huta a kanta kawai ka wuce.

Ta uku kuwa, When All Is Said and Done, nan ne zaka zauna sosai. Ita ce wadda aka rubuta kai tsaye kan rabuwar Benny da Frida, kuma Frida ɗin ce da kanta ta rera. Abin da nake so ka saurara shi ne yadda kiɗan yake tafiya da ƙarfi da sauri kamar waƙar murna, amma abin da ake faɗa bankwana ne, mutum biyu da suka manyanta suna zaune suna yi wa juna fatan alheri, an yarda abin ya ƙare, kuma ba a ɗora wa kowa laifi ba. Ka kula da muryarta, babu kuka a ciki babu roƙo, a miƙe take tsaye kamar wadda ta riga ta gama kukanta a gida kafin ta fito. In kana son ka gane bambancin da kyau, wata rana ka sa The Winner Takes It All ta 1980 sannan ka sa wannan a bayanta. Waccan raunin sabo ne jini na zuba, wannan kuwa tabo ne, an san yana nan ana kuma ci gaba da tafiya da shi. A wurina duk abin da ake nufi in ance albam ɗin nan na manya ne, to a cikin wannan minti ukun yake. Na sha maimaita ta sau huɗu sau biyar a zama ɗaya, amma kai a jin farko kar ka maimaita, bari ta wuce, zaka dawo.

Soldiers ce ke rufe fuskar farko. Ka bi gangar da kunnenka, tafiyarta ba irin ta waƙar rawa bace, tana ɗan ɗingishi, kuma maganar tsoron yaƙi ce da yadda mutanen gari ke yin kamar basu ga abin da ke tahowa ba. Ba kowa take kamawa a karon farko ba, ni sai a ji na kusan biyar ta zauna min.

To ka juya faifai. I Let the Music Speak zata baka mamaki don bata yi kama da waƙar rediyo ba ko kaɗan, ta fi kama da abin da ake rerawa a dandalin wasan kwaikwayo, tana hawa tana sauka tana canza kari. Akwai dalili, Benny da Björn hankalinsu ya riga ya fara karkata can, kuma bayan ƙungiyar ta tsaya abin da suka yi kenan, suka haɗu da marubucin waƙoƙi Tim Rice suka yi wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Chess wanda faifansa ya fito a 1984. Wato kana jin mutum biyu da ƙafarsu ɗaya ta riga ta fita waje.

One of Us ita ce ta fi shahara a ciki, ta kai ta uku a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya, shi kuma albam ɗin ya hau na ɗaya a can. Tana buɗewa da sautin mandolin mai daɗi, Agnetha na rera labarin macen da ita ce ta tafi da ƙafarta tana ganin zata samu abin da ya fi, yanzu gata kwance ita kaɗai tana nadama. Ga wata dabara da zata taimake ka a nan da ma duk albam ɗin: ka koyi raba muryoyin matan biyu. Ta Agnetha siririya ce mai haske, tana hawa sama, kuma kullum kamar akwai hawaye a bakin ta. Ta Frida ta fi kauri da duhu, tana zama ƙasa. A faifansu na baya sau da yawa a haɗe suke rerawa har ka kasa cewa wannan ce ko waccan, wannan haɗin shi ne tambarin ABBA. A nan kuwa an raba, Frida ta ja huɗu, Agnetha ta ja huɗu, Björn ɗaya, sai a amshi suke haɗuwa. Da zarar kunnenka ya fara kama wannan zakaji kaɗaicin da ke cikin faifan ko da baka jin Turanci.

Tunda na ambaci Turanci, in kana ji to a karo na biyu ka buɗe kalmomin a gabanka kana bi. A karo na farko kar ka buɗe, karatu zai ɗauke maka hankali daga sauti. In kuma baka ji sosai ba komai, ɗan bayanin nan ya isa ka riƙe zaren, su kansu ba harshen uwarsu bane kuma suna furta kalmomi a fili ɗaya bayan ɗaya.

Two for the Price of One ita ce ta Björn, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa. Labari ne na wani mai sharar tashar jirgin ƙasa da ya ga tallar neman abokin zama a jarida ya kira, ƙarshen ya zo da abin dariya wanda ba zan ɓata maka ba. Gaskiya ita ce mafi rauni a cikin taran, bana musu. Amma kar ka tsallake ta, don tana baka numfashi kafin biyun ƙarshe, kuma ko ita in ka duba da kyau labarin mutum ne da kaɗaici ya ishe shi.

Slipping Through My Fingers. In kana da ɗa ko 'ya to ka shirya. Björn ya rubuta ta ne kan 'yarsu shi da Agnetha lokacin tana 'yar shekara bakwai, ya ga ta ɗauki jakar makaranta da safe ta fita tana ɗaga hannu, sai ya ji yarintar tata tana zamewa daga hannunsa bai gama riƙe ta ba. Kuma uwar yarinyar ce ke rerawa, bayan aurensu ya mutu, kaga nauyin ya zama biyu. Ba wani babban abu ke faruwa a waƙar ba, teburin karin kumallo ne da barci a ido da tafiye-tafiyen da aka ce za a yi ba a yi ba, amma wallahi duk iyayen da suka taɓa tsayawa bakin ƙofa suna kallon yaro yana nisa sun san wannan abin. Ka saurari jitar Lasse Wellander a tsakiya, bata yi yawa ba bata yi kaɗan ba. Da yawa a fim ɗin Mamma Mia! na 2008 suka fara jin ta, in kana cikinsu ka yi ƙoƙari ka cire hoton fim ɗin daga kanka, ta asalin ta fi shiru kuma ta fi ciwo.

Ta tara, Like an Angel Passing Through My Room, ka ɗan ƙara sauti kaɗan kafin ta fara. Frida ce ita kaɗai, babu amshi babu muryar kowa a bayanta, abin da ba a saba ji ba sam a waƙoƙin ABBA, sai wani kiɗa siriri kamar na akwatin wasan yara da sautin agogo yana tafiya tik tik tik. Mace ce zaune da dare gaban wutar da ta kusa mutuwa, mutanen da ta sani a rayuwa suna gilmawa a ranta. Sun sha wahalar waƙar nan kafin su tsaya a wannan siffar, sun gwada ta kala-kala har da mai saurin kiɗan disko, in ka samu bugun musamman na 2012 akwai inda aka jera gwaje-gwajen zakaji yadda suka yi ta rage kaya har ya zama saura murya da agogo. In ta ƙare agogon zai ɗan ci gaba sannan ya tsaya. Kar ka cire hedfon nan take, kar ka bari wata waƙa ta faɗo, ka zauna cikin shirun ko na rabin minti ne.

Daga nan ka bar shi ya kwana. Kar ka yanke hukunci a daren farko, ka ba shi ji uku aƙalla a cikin sati ɗaya ko biyu. Na farko don sauti, na biyu da kalmomi a gabanka, na uku kuma ka zaɓi abu ɗaya ka bi shi tun daga farko har ƙarshe, misali fiyanon Benny kawai, ko muryoyin da ke can baya. In bayan uku bai kama ka ba ka ajiye shi ba tare da jin komai ba, wataƙila lokacinsa bai zo maka bane, akwai waƙoƙin da sai mutum ya rasa wani abu tukuna suke buɗe masa.

Sai waɗancan ƙarin waƙoƙin da nace ka tsallake. Ka ware musu zama na daban. A 1982 sun koma sitidiyo da niyyar yin wani albam amma abin bai tafi ba, sai suka fitar da tarin fitattun waƙoƙinsu da sababbi biyu a ciki, The Day Before You Came da Under Attack. Ta farkon ita nake so ka nema, a watan Agustan 1982 aka ɗauke ta kuma ita ce ta ƙarshe da suka ɗauka a wancan zamanin. Kusan minti shida Agnetha na lissafa yadda ranarta ta kasance, jirgin safe, ofis, abincin rana, talabijin, kwanciya, duk a rana ta ƙarshe kafin wani ya shigo rayuwarta, kuma har waƙar ta ƙare ba a gaya maka waye ba ko me ya faru bayan nan. Babu amshi na a zo a gani, sai muryar Frida can sama ba kalmomi. A lokacin bata yi kasuwa a Birtaniya ba, a ta 32 ta tsaya, yanzu kuwa masoyansu da yawa ita suke sawa a sahun gaba. A watan Disambar wannan shekarar suka yi fitowarsu ta ƙarshe a talabijin tare kafin su tsaya, basu taɓa fitowa sun ce mun watse ba, hutu aka ce za a yi.

Nasan wani zai ce ai ba shi ne na ƙarshe ba tunda sun dawo sun fitar da albam ɗin Voyage ranar 5 ga Nuwamba 2021, kuma gaskiyarsa, a lissafi Voyage ne na tara kuma na ƙarshe. Amma kusan shekara 40 The Visitors yana riƙe da wannan matsayin, kuma shi ne ƙarshen ABBA ɗin da duniya ta sani suna matasa. Shawarata kar ka haɗa su a rana ɗaya. Ka gama da na 1981 tukuna har ya zauna maka, ka bi da The Day Before You Came, ka bar 'yan kwanaki su wuce, sannan ka kunna Voyage ka fara da waƙar farko, I Still Have Faith in You. Frida ce ke buɗe ta, ita ɗin dai da ta rufe wancan ita kaɗai da agogo, a wannan karon ta rera tana da shekara saba'in da wani abu muryar ta ƙara sauka ƙasa, kuma in an zo amshi zakaji Agnetha ta shigo ta gefenta.